Gundumar Maimand ta Ƙasar Iran: Tsarin Mulkinta da Ƙidayar Mutanenta

A ƙidayar jama'a da aka gudanar a ƙasar Iran cikin shekarar 2006, an sami mutum 673 a wani ƙauye mai suna Maimand, suna zaune cikin gidaje 181. A ƙidayar 2016 kuwa, watau bayan shekara goma, mutum 105 kaɗai aka rubuta, cikin gidaje 44. Ba a yi yaƙi a wurin ba, annoba kuma ba ta faɗa musu ba. To, ina mutum 568 suka shiga?

Tambaya ce irin wadda masanin ilmin halittu ya saba yi game da garken barewa ko kifin tafki, sai dai a nan 'yan Adam ne, kuma amsar tana taɓa rayuwarsu kai tsaye. Adadin da aka rubuta wa ƙauye shi ne ke nuna ko zai sami majalisarsa ta kansa, da ɗakin shan magani, da makaranta, shi ne kuma ake dubawa wajen rabon kuɗin gwamnati. Saboda haka, kafin a bi sawun mutanen Maimand, ya kyautu mai karatu ya fara sanin inda ƙauyen ya faɗa a cikin tsarin mulkin ƙasar.

Daga Lardi zuwa Ƙauye

An kasa Iran zuwa larduna 31, kowanne ana kiransa ostan, shugabansa kuma ostandar. Majalisar ministoci ce ke naɗa shi bisa shawarar ministan harkokin cikin gida, ba zaɓensa ake yi ba. Kowane lardi an raba shi zuwa yankuna da ake kira shaharestan, ƙarƙashin farmandar. Shaharestan an raba shi zuwa baksh, ƙarƙashin bakshdar. A cikin baksh ne ake samun birane a gefe guda, da gundumomin karkara a ɗaya gefen. Gundumar karkara ita ce dehestan, kuma ita ce mafi ƙanƙanta a cikin rabe-raben da doka ta sani. Ba gari ɗaya ba ce. Tarin ƙauyuka ne da gonaki da rugage masu maƙwabtaka, waɗanda aka ɗaure su wuri guda don sauƙin mulki. A lokacin ƙidayar 2016 akwai irin waɗannan gundumomi sama da 2,500 a faɗin ƙasar.

Kalmar kanta tana bayyana ma'anarta. A Farisanci, deh na nufin ƙauye, stan kuwa na nufin wuri ko ƙasa, shi ne kuma ɗafin da ke ƙarshen sunayen Afganistan da Pakistan da Tajikistan. Ɗalibai da yawa kan ɗauka Farisanci wani reshe ne na Larabci, saboda da haruffan Larabci ake rubuta shi, kuma ya ari ɗimbin kalmomi daga can. Ba haka ba ne. Ta wajen asali ya fi kusa da Kurdanci da harsunan arewacin Indiya, har ma da na Turai, kuma sai da aka ƙara haruffa huɗu a kan na Larabci kafin a iya rubuta sautukansa. Shi ne harshen hukuma a Iran, amma ba kowa ne ya tashi da shi a gida ba, domin akwai masu Azarbaijananci da Kurdanci da Balucanci da Larabci da sauransu. Lardin Kerman, inda Maimand take, yana cikin wuraren da mafi yawan jama'a Farisanci ne harshensu na gado.

Wannan tsari mai hawa huɗu ya samo asali ne daga dokar 1937, zamanin Sarki Riza Shah, wanda ya so ya tattara ragamar mulki a Tehran. Bayan juyin juya halin 1979 ba a rushe shi ba, sai aka sake masa doka a 1983, wadda ta bayyana ma'anar kowane mataki da adadin mutanen da ake bukata kafin a kafa shi. A dokar, wuri ba ya zama ƙauye sai yana da aƙalla gida 20 ko mutum 100. Gunduma kuwa tana bukatar mutum 8,000 a inda jama'a suka yi cinkoso, 6,000 a matsakaicin wuri, 4,000 a inda suke warwatse. Abin lura shi ne, ana duba wannan sharaɗi ne lokacin kafa gunduma. Idan daga baya mutane suka watse, ba a cika soke ta ba, shi ya sa a yau akan ga gundumomi da yawa a jerin ƙidaya waɗanda mutanensu ba su kai ko rabin mafi ƙarancin adadin ba.

Gundumar Maimand tana cikin baksh na tsakiya na yankin Shahri Babak, a yammacin lardin Kerman, kuma daga ƙauyen ta ɗauki sunanta. Kada a rikita ta da garin Maimand na lardin Fars, wanda ya yi suna wajen ruwan wardi. Suna ne ɗaya, wuri dabam.

Wa ke Riƙe da Ƙauye?

A da can, kowane ƙauye yana hannun kadkoda, wanda za a iya kwatanta shi da dagaci. Shi ke tara haraji, ya sasanta rigima, ya ba da sunayen samarin da za a ɗauka aikin soja. A mafi yawan wurare bakin mai ƙasa ne, domin har zuwa tsakiyar ƙarni na 20 ƙauyuka da dama mallakar manyan masu filaye ne, manoma kuwa kaso kawai suke samu daga amfanin gona. Rabon filaye da aka fara a 1962 ya karya ƙarfin masu ƙasa, juyin juya halin 1979 kuma ya kawar da muƙamin kadkoda ɗungurungum.

Tsarin mulkin 1979 ya tanadi majalisun da jama'a za su zaɓa tun daga ƙauye har lardi, amma sai da aka shekara ashirin kafin a yi zaɓen farko a faɗin ƙasa, a watan Fabrairu na 1999, zamanin Shugaba Muhammad Khatami. Majalisar ƙauye ana ce mata shura. Ƙauyen da mutanensa ba su wuce 1,500 ba yana zaɓen wakilai uku, wanda ya haura haka yana zaɓen biyar, kuma wa'adinsu shekara huɗu ne. Su ne ke ɗaukar wani ma'aikaci da ake kira dehyar, watau mai taimakon ƙauye, wanda ke kula da tsabta da hanyoyin cikin gari da maƙabarta da izinin gini. An yi dokar ofishinsa a 1998, aka fara buɗe ofisoshin sosai daga 2003.

A nan akwai sunaye biyu masu kama da juna da ke ruɗa mai karatu. Dehyar na ƙauye ɗaya ne, majalisa ce ta ɗauke shi. Dehdar kuwa na gunduma ne, gwamnati ce ke naɗa shi. A takarda dehdar ne babba, amma a aikace ofishinsa ba shi da wani ƙarfi. Yawancin al'amuran ƙauye daga dehyar suke wucewa kai tsaye zuwa ofishin bakshdar. Ke nan gunduma ta fi zama ma'aunin ƙidaya da tsara ayyuka fiye da zama kujerar mulki. Wannan ba ya rage mata muhimmanci, domin da wannan ma'auni ake yanke shawarar inda za a sa makarantar sakandare ta kwana, da cibiyar lafiya, da ofishin aikin gona.

Gida Uku, Mutum Ɗaya

Ƙauyen Maimand yana nisan kimanin kilomita 35 daga birnin Shahri Babak, a cikin wani kwari da ke tsayin fiye da mita 2,000 daga doron teku. Ƙasa ce busasshiya. Ɗan ruwan da ake samu yana sauka ne da hunturu da farkon bazara, wani lokaci a matsayin dusar ƙanƙara, lokacin zafi kuwa ko ɗigo ba a cika gani ba. Gidajen ƙauyen ba gina su aka yi ba, sassaƙa su aka yi da hannu a jikin dutse mai taushi wanda ya samu daga tokar dutse mai aman wuta. Kowane gida ana kiransa kiche: wata doguwar mashiga ce da aka yanka a gefen tudu, ɗakuna kuma suna buɗewa daga ƙarshenta, daga ɗaya har zuwa bakwai. Gidajen suna hawa kan juna har hawa biyar, rufin wani shi ne dandamalin ƙofar wani. An gano kimanin 400. Masallaci ma da gidan wanka a cikin dutsen suke. Bangon ɗakunan ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin wutar shekaru aru-aru, dutsen kuma yana riƙe ɗumi da hunturu fiye da yadda ginin bulo zai yi.

Amma koguna gidan hunturu ne kawai. Daga ƙarshen hunturu zuwa ƙarshen bazara, iyalai kan sauka filayen kudu tare da tumaki da awaki, zuwa wuraren da ake kira sari agol, inda sabuwar ciyawa ke fara fitowa. A can suna zama cikin ɗakuna masu da'ira waɗanda rabinsu a cikin ƙasa yake don kare iska, da ɗan gajeren bangon dutse da jinka ta ƙirare da ƙaya. Idan zafi ya kama, sai su haura zuwa sari bag, watau lambuna da ke bakin ƙoramun kwari, inda suke da itatuwan almon da pista da 'yan fegin kayan miya. A nan suke zama cikin bukkoki marasa nauyi har farkon kaka, su tsinke 'ya'yan itace, sa'an nan su koma koguna idan sanyi ya matso.

Masanin halittu zai ga hikimar wannan nan take. Babu wani yanki ɗaya a cikin kwarin da zai iya ciyar da mutane da dabbobinsu shekara cur. Kowane yanki yana da wata 'yan kaɗan na albarka, sa'an nan ya bukaci hutu. Ta hanyar zagayawa, ciyawa tana samun damar yin iri kafin a dawo mata, ruwa kuma ba a ƙure shi a wuri ɗaya. Ruwan kansa ana tara shi ne daga maɓuɓɓuga da tafkuna da kuma kanat. Kanat wani rami ne da ake haƙawa a ƙarƙashin ƙasa tun daga gindin dutse inda ruwa ke kwance, a bi da shi da ɗan gangare kaɗan har ya ɓullo a fili, tare da jerin rijiyoyi a kan hanya don fitar da ƙasa da shigar iska. Ba a sa inji. Kyansa a wajen mai nazarin muhalli shi ne, ba ya iya jan fiye da abin da ƙasa ta tara. Idan ruwan ƙasa ya yi ƙasa, shi ma sai ya rage da kansa. Rijiyar burtsatse mai famfo ba ta da wannan kunya.

Wannan tsarin zama ne ya sa hukumar UNESCO ta saka Maimand cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2015, bayan lambar yabo ta Melina Mercouri da ƙauyen ya samu a 2005.

Lissafin Mutum 568

Yawan kowace irin halitta a wuri, ko ɓera ne ko ɗan Adam, abu huɗu ne kaɗai ke canza shi: haihuwa da shigowa suna ƙarawa, mutuwa da fita suna ragewa. Babu na biyar. Idan adadi ya canza fiye da abin da waɗannan huɗu za su iya bayyanawa, to matsalar tana wajen ƙirgar ne.

A fara da girman raguwar. Daga 673 zuwa 105 raguwa ce ta kashi 84 cikin ɗari. Idan aka ɗauka a hankali ta faru, daidai wa daida kowace shekara, to kowace shekara ƙauyen yana rasa kimanin kashi 17 cikin ɗari na waɗanda suka rage. Ɗalibi na iya gwadawa da kansa: ya ninka 673 da 0.83, abin da ya samu ya sake ninka shi da 0.83, har sau goma. Zai tsaya a wajen 104.

Shin mutuwa za ta iya yin wannan? A Iran gaba ɗaya, a shekarun nan, mutum biyar ne ko kusa da haka ke mutuwa cikin kowane 1,000 a shekara. A ɗauka ƙauyen tsofaffi ne zalla, a ninka wannan sau shida, ya zama 30 cikin 1,000, watau kashi 3 cikin ɗari. A ƙara ɗauka cewa ba a haifi ko jariri ɗaya ba a cikin shekara goman. Duk da wannan tsanantawa, in aka ninka 673 da 0.97 sau goma, za a sami kusan 496. Saura mutum 391 da maƙabarta ba ta san da su ba.

Haihuwa fa? A nan ne labarin Maimand ya haɗu da na ƙasar baki ɗaya, kuma labari ne da ya ba masana mamaki. A farkon shekarun 1980, macen Iran takan haifi 'ya'ya tsakanin shida da bakwai a tsawon rayuwarta, a karkara ma fiye da haka. Zuwa shekarar 2000 adadin ya sauko zuwa biyu da 'yan kai. Ƙasashen Turai sun ɗauki fiye da rabin ƙarni kafin su yi irin wannan sauka. Dalilan sun haɗa da karatun 'ya'ya mata, da jinkirin aure, da raguwar mutuwar jarirai, wadda ta sa iyaye suka daina haihuwa da yawa don tsoron rashi, da kuma shirin tazarar haihuwa da gwamnati ta farfaɗo da shi a 1989. Daga baya adadin ya faɗi ƙasa da 2.1, wanda shi ne ake bukata don kowane zamani ya maye gurbin kansa, har ta kai gwamnati ta juya akala, ta yi doka a 2021 don ƙarfafa haihuwa. Sai dai ƙarancin haihuwa ba ya kwashe mutanen da suke raye. Aikinsa a hankali yake, yana hana ƙauye cike gurbin waɗanda suka tafi ne kawai.

Saura fita. Kuma akwai wata shaida a cikin alƙaluman da ke nuna wa ya fita. In aka raba 673 da 181, kowane gida yana da mutum 3.7 a 2006. In aka raba 105 da 44, an koma 2.4 a 2016. A daidai wannan lokaci matsakaicin gida a Iran ya sauka ne daga 4.0 zuwa 3.3. Gida mai mutum biyu da ɗan ɗoriya ba gidan masu goyo ba ne. Gidan tsoho da tsohuwa ne, ko gwauruwa ita kaɗai. Ashe ba kowa da kowa ne ya tashi ba, masu yara ne suka tashi. Dalilinsu kuwa ba ɓoyayye ba ne. Makarantar gaba da firamare tana birni. Aikin albashi yana kusa, domin yankin na jan ƙarfe ne: akwai mahaƙar Miduk da masana'antar narkarwa ta Katunabad a cikin yankin Shahri Babak, ga kuma babbar mahaƙar Sarcheshme a maƙwabtan yankin Rafsanjan. A ɗaya gefen kuma kiwo ya yi wuya, saboda fari mai tsanani da ya auka wa ƙasar daga 1999 zuwa 2001, ya sake dawowa a 2008, ga ruwan ƙarƙashin ƙasa a lardin Kerman yana ta nutsewa saboda yawan famfunan gonakin pista.

Irin wannan ƙaura ta fi cutar da ƙauye fiye da yadda adadinta ya nuna. Idan aka zana jama'a bisa shekarunsu, yara a ƙasa tsofaffi a sama, ƙauye mai lafiya yakan fito kamar dala, faɗi a gindi, tsini a sama. Ƙauyen da matasa suka bari yakan fito kamar lema. Matan da ke tsakanin shekara 15 da 49 su ne ke haihuwa. In sun tafi, sun tafi da 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. Ko da daga yau babu wanda ya sake tashi, adadin zai ci gaba da raguwa da kansa.

Duk da haka, bai kamata a karɓi 105 ido rufe ba. Ƙidayar Iran takan faɗo ne cikin watannin Oktoba da Nuwamba, kuma ana rubuta mutum ne a inda ya saba zama. To, mutumin da yake da ɗaki a kogo, da bukka a lambu, da garke a fili, wataƙila har da gidan bulo a Shahri Babak inda 'ya'yansa ke karatu, ina ne ya saba zama? Duk amsar da ya bayar gaskiya ce. Lokacin ƙidayar ma ya zo daidai da lokacin da iyalai ke tsakanin lambu da kogo. Bugu da ƙari, a 2016 an ba jama'a damar rubuta kansu ta intanet tun daga ƙarshen Satumba, kusan rabin gidajen ƙasar kuma ta haka suka yi, abin da ya fi sauƙi ga wanda ke zaune a birni. Mai ƙirga tsuntsaye masu ƙaura ya san wannan matsala sarai: in ya je fadama mako biyu kafin su iso, zai rubuta sifiri, kuma bai yi ƙarya ba. Hukumar ƙididdiga ta Iran ta san da haka, shi ya sa take yi wa makiyaya masu yawo ƙidaya ta dabam, kamar ta 2008 wadda ta sami kusan mutum miliyan 1.2. Amma masu zagayawa a cikin kwari ɗaya, kamar mutanen Maimand, sukan faɗa tsakanin ma'aunan biyu.

Akwai kuma matsalar ƙananan lambobi. A birni mai mutum miliyan ɗaya, tashin iyali mai mutum shida ba ya ko motsa alƙalami. A ƙauye mai mutum 105, wannan iyali kusan kashi 6 ne cikin ɗari. Don haka kaso cikin ɗari da aka fitar daga ƙaramin wuri yana bukatar taka-tsantsan kafin a gina magana a kansa.

Ƙidayar da ba ta Jiran Shekara Goma

Akwai wata hanya ta sanin yawan mutanen karkara a Iran wadda ta fi ƙidayar ƙasa kusa da gaskiya, kuma ta cancanci malaman kimiyya su san ta. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka baza ɗakunan lafiya a ƙauyuka, ana kiransu kane behdasht, watau gidan lafiya, yanzu sun haura 17,000. Kowanne an tsara shi ne don kula da mutum wajen 1,500, a babban ƙauye ɗaya da ƙananan da ke kewaye da shi. Ma'aikatansa ana ce musu behwarz. Daga cikin 'yan ƙauyen ake zaɓo su, a horar da su shekara biyu, su dawo su yi aiki a cikin danginsu. Su ke yin rigakafi, da awon ciki, da auna nauyin yara, da duba tsabtar ruwa.

A farkon kowace shekarar Iran, wadda ke kamawa a watan Maris, behwarz kan bi gida-gida ya rubuta kowa da shekarunsa. Sa'an nan a bangon ɗakin akwai wata takarda da ake kira zij hayati. A tsakiyarta an zana da'irori cikin juna, an yanka su gida goma sha biyu, kowane gida wata ɗaya. Duk jaririn da aka haifa, duk wanda ya rasu, ana sa shi a da'irarsa da watansa, a gefe kuma akwai jadawalin shekaru da dalilin mutuwa. Wanda ya shigo ɗakin zai iya karanta halin ƙauyen a tsaye: wane wata gudawa ta fi kashe yara, mata nawa suka haihu a hannun ungozoma mai horo. Takarda ce da alƙalami kawai, amma da ita aka bi diddigin saukar haihuwa da mutuwar jarirai a karkarar Iran shekara bayan shekara. Fifikonta a kan malamin ƙidaya shi ne, behwarz ya san wanda ya tafi lambu da wanda ya tafi ke nan.

Sai dai shi ma wannan tsari yana bin adadi. Ƙauyen da ya ragu zuwa mutum ɗari yakan koma cikin ƙananan da ake ziyarta lokaci-lokaci. Makarantar da ɗalibanta suka koma 'yan ƙalilan akan haɗe ta da ta wani wuri. Kason da ofishin dehyar ke samu daga harajin kayayyaki ana raba shi ne tare da la'akari da yawan jama'a. Ga yadda abin ke cin kansa: mutane sun ragu, an rage hidima, an rage hidima, wasu sun ƙara tashi.

Maimand ba ita kaɗai ba ce. A ƙidayar farko ta 1956 Iran tana da mutum kusan miliyan 19, fiye da kashi biyu cikin uku a karkara. A 2016 ta kai kusan miliyan 80, kashi 74 cikin ɗari a birane. Mutanen karkara sun kai wajen miliyan 23 a 1996, suka sauko ƙasa da miliyan 21 a 2016. Wani ɓangare na wannan raguwa ma aikin alƙalami ne, domin idan babban ƙauye ya sami matsayin birni, mutanensa duka sukan fita daga lissafin gunduma ba tare da ko ɗaya ya ɗaga tabarmarsa ba. Biranen ƙasar sun ƙaru daga 612 a 1996 zuwa 1,245 a 2016. Amma wani ɓangaren gaskiya ne tsagwaronta. A ƙidayar 2016, wuraren zama na karkara da aka samu da mutane sun kai kimanin 62,000, waɗanda aka tarar babu kowa kuwa sun haura 30,000, ko da yake da yawa daga cikin waɗannan gonaki ne da rugage tun asali.

Ta fuskar doka, Maimand tana nan a matsayin ƙauye: mutum 105 sun ɗara 100 da biyar kacal, amma gida 44 sun ninka 20 har da ƙari, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗan biyu ya wadatar. Abin da ya fi wuya shi ne wanda UNESCO ta rubuta. Ba duwatsun kawai ta ɗauka ba, har da zagayen nan na fili da lambu da kogo, wanda ba ya yiwuwa sai da masu ƙarfin kora garke da yashe kanat. Wasu daga cikin kogunan an mai da su masaukin baƙi masu yawon buɗe ido, abin da ke kawo ɗan kuɗi ya kuma sa a gyara ɗakunan da suka fara zubewa. Baƙon da ya kwana biyu a ciki kuwa, ba ya shiga takardar behwarz, ba ya kuma shiga ƙidaya.